Wa'azi bisa haƙƙin makaho da kurma da gurgu ga makarantunmu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonai da alayenai da sahabbainai. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Morai da Mafara da Bakura da Maradun, ku saurara.

Ku sani, karatun allo da munka gada ba a gama ma yara baki ɗaya cikinai. Kowane yaro da allonai: wanga shina babbaƙu, wancan farfaru, wani ya kai Sabbi, wani shina hadda, malam guda shi biya ma kowa inda yat tsaya. To, mi yah hana makaho da kurma da gurgu zama zaure? Mun bar su kasuwar Talata suna bara, har a ɗauke yaro mai ido daga karatu shi zama ɗan jagora, hasara ta zama biyu.

Ku tuna wanda Suratu Abasa tas sauka saboda shi, Abdullahi ɗan Ummu Maktumi: makaho na, yaz zo biɗar sani, kuma shina kiran salla Madina tare da Bilalu. Ruwayar Warshu da muke rubutawa daga Nafi'u take, kuma cikin malaman Nafi'u akwai Abdurrahmani ɗan Hurmuzu, mai laƙabi Al'araju, watau gurgu. Ƙaluna, abokin Warshu ga ruwaya, malamai sun ce kurma na, leɓen mai karatu shike duba shi gyara mai kure. Imamu Shaɗibi, wanda yar rasu Masar shekara 590 ta Hijira, makaho na. Wanda ka karatu da ruwayarsu shi kori irinsu daga zaure, ina kunyatai?

Ga yadda za a yi. Makaho a zamnar da shi kusa ga malam, a riƙa maimaita mai aya har ta zauna, a sa gardi shi ji tilawatai. Akwai rubutun makafi na ɗigo shida masu tudu da ake shafawa da yatsa, wanda Luwi Birel na Faransa yaƙ ƙago, anka buga shi 1829, kuma an buga Alƙur'ani da shi. Kurma a sa shi gaba inda haske ka faɗa ma fuskar malam, a fara mai da rubutu da alwala da salla ta hanyar nuni. Kurame na da maganar hannu tasu, kuma akwai makaranta dominsu Tudun Maliki ta Kano. Gurgu hankalinai lafiya lau, dakali da nisa ka hana shi, sai a gyara ƙofa a samo mai keke. Mai nauyin fahimta a rubuta mai layi biyu maimakon goma, kada a wanke allonai sai ya riƙe.

Kada ku ce taurin kai na. Sanƙarau na 1996 da na 2017 ya bar yara da kurumta, gubar dalma ta 2010 ƙasar Anka da Bukkuyum ta taɓa ƙwaƙwalwar waɗansu da sunka tsira. Bulala ba ta buɗe kunne.

Amma malam guda ba shi iya wanga aiki. Na farko, masu unguwa da sarkin makafi da sarkin guragu su ƙidaya yaran, gari gari. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma cikin ukun ta zaɓi malamai su koyo rubutun makafi da maganar hannu, su kewaya makarantun allo da Islamiyya da firamare suna koya ma sauran. Na uku, a je ga sakataren ilimi da wagga ƙidaya. Dokar tarayya da Shugaba Buhari yas sa ma hannu watan Janairu 2019 ta ba mai lalura karatu kyauta har sakandare, ta wajabta ma kowace makarantar gwamnati samun ko da malam guda mai horo dominsu. Haƙƙi na, ba sadaka ba.

Ya ku malamai, kowa kiwo anka ba shi, kuma za a tambaye shi. Kafin Alhamis mai zuwa, kowanenku shi biɗo yaro guda na unguwa tai da anka bari gida, shi ba shi wuri bisa tabarma.

Allah shi ba mu ikon yi. Amin. Wassalamu.