TSOFAFFIN TASWIRU DA KUFAN IYAYENMU: JAWABI A BIKIN CIKA SHEKARA 50



Sa'ad da kwamitin biki ya zauna rubuta tarihi, mun nemi a nuna mana gindin tsamiyar da iyayenmu suka fara taruwa. Dattawa uku muka tambaya, suka nuna mana wuri uku. Ba ƙarya suka yi ba. An sare tsamiyar tun tuni, rafin da ake kwatance da shi kuma ya sauya hanya. Wannan ne ya kai mu ga neman tsofaffin taswiru, kuma a kansu za mu yi magana yau.

Wanda zai nemi garinsu a takarda, sai ya fara sanin ƙarƙashin wa garin yake a lokacin. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a Lardin Kano. A 1967 suka shiga Jihar Kano, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Saboda haka ɗanmu da zai je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, kada ya ce a ba shi fayil ɗin Jigawa. Na Lardin Kano zai tambaya. A can ne ake samun rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi don yanka haraji, waɗansu har da zanen hannu na garuruwa da hanyoyi.

Amma mu lura, 'yan'uwa. Mai karɓar haraji ya zana abin da ya dame shi ne: garin dagaci, kasuwa, hanyar doki. 'Yar unguwa mai gida biyar a bayan dutse, sau da yawa ba ta samu ko ɗigo ba, alhali da yawa daga cikinmu a irin waɗannan unguwanni aka haifi iyayenmu. Sunayen ma yadda kunnen baƙo ya ji haka aka rubuta su, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai ka karanta da ƙarfi kafin ka gane garinku ne.

Waɗanda suka fi amfani su ne taswirun da aka zana daga hotunan jirgin sama a shekarun 1950 da 1960. A ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, don haka ana ganin rafi, fadama, dutse da ƙananan hanyoyi. Ka ajiye ɗaya kusa da hoton da wayar jikanka ke nunawa yau, za ka ga inda gari ya tashi da inda ya koma. Mutanen Gwaram ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, tun da suna da Tsohuwa da Sabuwa. Tashin gari kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun hana kudancin Kano barci, mutane suka riƙa matsawa kusa da ganuwa ko duwatsu. Daga baya titi ya ja waɗansu, ruwa ya kori waɗansu. Dutse ne kaɗai bai gusa ba. Dutsen Mesa da Dutsen Habude, masu zanen shanu waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, suna nan inda suke, kuma da irinsu ake daidaita tsohuwar taswira da sabuwa.

Wani zai ce, me ya haɗa biki da taswira? Kaburburan iyayenmu suna cikin waɗannan kufai, kuma mun ga garma ta bi ta kan waɗansu, ba don mugunta ba, sai don mai gonar bai sani ba. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, amma yaya za ka nemi takarda a kan filin da ba ka iya nuna iyakarsa ba? Mun sha zaman sulhu tsakanin 'yan ɗaki ɗaya a kan kunya biyu na gona, abin da ba ma so mu sake gani.

Ga roƙonmu. Kafin damina ta faɗi, kowane gida ya fitar da yaro ɗaya mai rubutu, ya bi tsohon gidan ko tsohuwar zuwa kufai. Kada a raina iyayenmu mata a wannan aiki, gama su suka san rijiyoyi da hanyar itace. A zana gida, rijiya, kuka, maƙabarta da maƙwabcin gona ta gabas da ta yamma. A rubuta sunan wurin yadda ake faɗinsa, da Hausa ko da Warjanci, a sa kwanan wata da sunan wanda ya nuna. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a gida, ɗaya a kawo wa magatakarda ya haɗa da littafin baftisma.