Idan Tunani Ya Ɗaure Ƙafar Ɗan Ƙwallo

Ku leƙa filayen ƙwallon unguwa a Mando bayan la'asar. Yaron da ke zura ƙwallo ido rufe wajen atisaye, da an ce fenareti ce a wasan ƙarshe, sai kafaɗunsa su ɗage, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Ya yi ta gyara zaman ƙwallon, idonsa na kan gola maimakon kusurwar da ya zaɓa. Mita 11 ce kacal, amma ƙafa ta yi nauyi.

Wasu kan ce asiri aka yi masa. Amma a 2021, masu bincike a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan sun auna aikin ƙwaƙwalwar masu buga fenareti. Waɗanda fargaba ta kama har suka ɓarar, sashen gaban ƙwaƙwalwarsu, mai lissafin abin da zai biyo baya, shi ya fi aiki. Masu natsuwa kuwa, sashen sarrafa motsi ne ya riƙe ragama.

Don haka nake roƙon masu horar da yaranmu, don Allah ku daina yi musu ihun "gyara ƙafarka!" daidai lokacin bugu. Wannan gyaran na ranar atisaye ne. Ku bar yaro ya ja dogon numfashi, ya tsayar da kusurwa ɗaya, ya buga.