Ciwon Da Ba Shi Da Miki: Jawabin Kwamiti Ga Taron Ƙungiya



Yau 10 ga watan Oktoba, ranar da duniya ta keɓe tun 1992 domin lahiyar ƙwaƙwalwa. Da an faɗi haka, sai hankalinmu ya tahi ga mahaukaci mai yawo cikin kasuwa. Yau maganarmu ta cikin gida ce: damuwar da ke shiga tsakanin miji da mata, wadda ba ta da miki balle a ɗaure ta.

Kowa ya san abin da ya same mu nan ƙasar Madarunfa. Gonaki sun ƙanƙance, gandu ya rabu, mata da yawa sun rasa gamana. An ruhe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake ruhe ta a 2023, masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina suka zauna hannu banza. Ɓarayin daji sun kore shanu, sun ɗauki mutane wajen Gabi da dajin Baban Rafi. Ruwan 2024 ya kada ɗakuna. Duk wanga nauyi gida yake sauka.

Mun san wani gida. An kore wa maigidan shanun noma cikin dare. Tun ranar ya bar hira, ya bar cin tuwo, abu kaɗan sai faɗa. Kunya ta hana shi ce wa matarsa bashi ne ke cin shi. Ita kuwa ta ɗauka aure yake nema. Ta yi yaji da goyo. Sai da dattawa suka zaunar da su, sannan kowa ya ji abin da ke cikin ran ɗan'uwansa. Saura kaɗan auren ya mutu kan maganar da ba a yi ba.

Ana cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Amma mu kan ce da mace ta yi haƙuri tun ba mu ji kukanta ba, mu ce da namiji ya daure don shi namiji ne. Shirun nan shi ke zama hushi, da duka, da saki. Shi ke kai wasu samari ga shan taramol.

Labarin zuciya a tambayi huska. Ga alamomin da za mu lura da su: rashin barci, ƙin abinci, yawan hushi ko kuka, guje wa mutane, gajiya ba aiki, ciwon kai ko faɗuwar gaba da ba a gane sanadinsu ba. In sun wuce sati 2, ciwo ne, kuma yana da magani. Mu kula da mai jego musamman. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wagga damuwa bayan haihuwa. Kada a ce mata raguwa, kada a tsaya ga cewa iska ce.

Ga abin da kwamiti ke roƙo:

1. Maigida, ka zauna da iyalinka ko da bayan isha'i ne. In rumbu ya yi ƙasa, ka faɗa mata. Mai mata biyu ya raba hira kamar yadda yake raba kwana.

2. Mai tahiya ci-rani, ko Najeriya, ko Agadas, ko Libiya, ka buga waya ko ba ka da abin aikowa. Jin muryarka ma yana kwantar da hankali.

3. Uwar miji, matar ɗanki ɗiyarki ce. In kin ga ta rame, ki tambaye ta a keɓe.

4. Mata Masu Dubara, da aka fara nan jiharmu ta Maraɗi a 1991, suna haɗuwa kowane sati. Bayan zubi, a tambayi wadda ta yi shiru. Abin da aka ji, kada ya kai bakin rijiya.

5. In abu ya yi tsanani, a yi addu'a, a kuma kai mutum asibitin Madarunfa, in ta kama a wuce Maraɗi. Wanda ya ce ya gaji da duniya, kada a yi masa dariya, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi ran nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wagga takarda. Allah ya ba mu lahiya da zama lahiya.