Karayar Cinya ga Tsofaffi: Lissafin Likita da Aikin Uwargida

 Uwargida da amarya, a ɗan sassauta aiki a matso kusa, domin zancenmu na yau ya shafi tsofaffin da ke gidajenmu: uwa, ko kaka, ko surukar da muke yi wa hidima.

Tsohuwa ta zame a banɗaki, ko ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ta kasa tashi. Kika duba kika ga ƙafa ɗaya ta gajarce, tafin kuma ya juya waje. To 'yar'uwa, wannan alama ce ta karayar ƙashin cinya daga can sama, inda ya haɗu da ƙugu. Mu mata abin ya fi samu, saboda ƙashinmu yana rage ƙwari bayan ɗaukewar al'ada.

Ba don in tsorata ki ba, amma bincike a ƙasashe da dama ya nuna cikin tsofaffi 100 da suka yi wannan karaya, kimanin 20 zuwa 30 kan rasu kafin shekara ta zagayo. Yawanci ba ƙashin ne ke kisa ba, doguwar kwanciya ce. Ita ke jawo ciwon huhu, da gudan jini a jijiyar ƙafa wanda kan tafi ya toshe huhu, da gyambon kwanciya, da ruɗewa. Shi ya sa likitoci suka fi son a yi tiyata a tayar da ita da wuri. Wadda jikinta ya yi rauni ƙwarai kuma, bayan aikin sai a kai ta ɗakin kulawa ta musamman, wato ai-si-yu.

To yaya likita ke gane wadda ta fi shiga haɗari? Lissafi yake yi. A shekarar 2008 wasu likitoci a birnin Notingham na Ingila suka fitar da ma'auni mai duba abu 7: shekarun majinyaci, mace ce ko namiji (domin maza sun fi rasuwa bayan wannan karaya), yawan jininta ranar da aka kawo ta, kaifin tunaninta, ko a gidan kula da tsofaffi take zaune, yawan cututtukan da take ɗauke da su, da kuma ko tana da ciwon daji. Kowanne da makinsa, idan aka tara sai a ƙiyasta haɗarin rasuwa cikin kwana 30. A ɗakin ai-si-yu kuma akwai wani ma'aunin da ake kira APACHE II, wanda aka fitar a Amurka a 1985. Shi yana duba awo 12 a awa 24 na farko, kamar zafin jiki, bugun zuciya, numfashi da aikin ƙoda.

Ki saurare ni da kyau a nan. Idan likita ya ce haɗarin 10 ne cikin 100, ba cewa ya yi Hajiya za ta rasu ba. Nufinsa, cikin mutum 100 masu irin halinta, 10 sukan rasu, 90 su tashi. Bai san a wane ɓangare take ba, ranar kowa Allah kaɗai ya sani. Amfanin lissafin shi ne a san wadda za a ƙara wa jini, wadda za a ajiye wa gado a ai-si-yu, kuma a faɗa wa iyali gaskiya su shirya.

Kin ga shekaru ba mai iya rage su. Amma akwai abu uku da ke hannunmu.

Na farko, lokaci. Tun 2011 ƙa'idar Ingila ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da majinyaci ko washegari. Mu kuwa sai a yi mako biyu ana gashi da ruwan zafi ana jiran mai ɗori. Ba raina masu ɗori nake ba, amma wannan ƙashi yana can cikin tsoka, karan ɗori ba ya riƙe shi. Kada a matsa mata ta taka, kada a ja ƙafar. A nemi asibiti mafi kusa a ɗauki hoto. Idan aikin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kuma tun yau ki yi magana da maigida: idan haka ta faru ba ya gari, wa za a kira, wa zai kawo mota?

Na biyu, bayani. Lissafin likita ba ya yin daidai sai da labari na gaskiya, kuma ke kika san shi, ba mazan da za su raka ta ba. Ke kika san ko tana shan maganin hawan jini, na suga, ko na tsinka jini. Ke kika san ko ta fara mantuwa, ko da sanda take tafiya, ko akwai jiƙon da take sha. Idan ba za ki je ba, ki zuba magungunan a leda ki bayar, ki rubuta ko ki faɗa wa likita ta waya. Kada a ɓoye komai don kunya.

Na uku, jinya. Idan ma'aikata suka ce ta zauna ko ta taka washegarin aiki, kada tausayi ya sa ki hana. A riƙa juya ta kamar duk awa 2 idan tana kwance. A ba ta ƙwai, wake, kifi, nono da isasshen ruwa. Da kin ga zazzaɓi, ko haki, ko kumburin sha-raɓa, ko ta fara sambatu ba ta gane mutane, kada a ce tsufa ne, a koma asibiti nan take.

Kafin mu rabu, yau ki leƙa ɗakin tsohuwarki. Akwai fitila a hanyar banɗaki? Akwai gansakuka a bakin rariya? Tana fitowa tsakar gida ta sha hantsi, wanda ke taimaka wa ƙashi? Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.