Haƙƙin Mallaka da Ciniki a Kan Ɓarnar Maƙwabci

Idan filaye biyu suka haɗa iyaka, abin da ake yi a ɗaya ba ya tsayawa a nan. Hayaƙi yakan tsallaka, ƙara takan ratsa bango, shanu kuma ba su san inda gonar wani ta fara ba. Wannan asara ce da wani ke jawowa, wani daban ke ɗauka, ba ta kuma shiga farashin kayan da aka samar. A littafinsa na 1920, Arthur Pigou na Jami'ar Kambirij ya ce maganinta shi ne hukuma ta ɗora wa mai ɓarna haraji daidai ɓarnarsa.

A 1960 Ronald Coase, Baturen Ingila mai koyarwa a Amurka, ya fitar da maƙalar da ta sauya tambayar. Ya kawo wata shari'a da aka yanke a Landan a 1879, tsakanin likita Sturges da Bridgman mai yin alewa. Bridgman yana da turame biyu a madafarsa, ɗaya ya haura shekara 60 ana daka a ciki, da farko kuma ba su dami likitan ba. Sai likitan ya gina ɗakin duba marasa lafiya a ƙarshen lambunsa, jingine da bangon madafar. Daga nan dukan taɓarya ya hana shi sauraron ƙirjin masu zuwa wurinsa. Kotu ta ba likita gaskiya.

Abin da Coase ya lura shi ne cutarwar tana da fuska biyu. Hana likita aiki cuta ce, hana mai alewa daka ma cuta ce. Kuma hukuncin kotu ba shi ne ƙarshen magana ba. Idan dakan ya fi kawo kuɗi, mai alewa zai biya likita ya ƙyale shi. Da kotu ta ba mai alewa gaskiya, alhali aikin likita ya fi daraja, da likita ne zai biya a matsar da turamen. Muddin an san mai haƙƙi, kuma cinikin ba ya cin komai, aikin da ya fi amfani shi zai tsaya. Abin da hukunci ke sauyawa shi ne aljihun da kuɗin zai fito, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aljihun.

George Stigler ne ya laƙaba wa wannan ra'ayi sunan ƙa'idar Coase a 1966, kuma Coase ya sami kyautar Nobel a 1991. Sai dai da yawa sun riƙe rabin maganar. Coase kansa ya fi damuwa da cewa ciniki yana da tsada: neman wanda za a yi magana da shi, ƙiyasta ɓarna, tabbatar da an cika alkawari. Mutum biyu na iya daidaitawa, amma masana'anta ɗaya da gidaje dubu da wuya. A nan ne ya zama wajibi doka ta kula da wanda ta ba haƙƙin tun farko.

Don ganin yadda abin yake a zahiri, Robert Ellickson ya bi manoma da masu shanu a gundumar Shasta ta Kalifoniya, ya buga sakamakonsa a 1991. Ya tarar ba su cika waiwayar doka ba. A wurinsu mai dabba ne ke ɗaukar alhakin ɓarnarta, kuma gudun tsegumin maƙwabta ya fi lauya aiki.

Misalin da Coase ya fara da shi, makiyayi da manomi, sananne ne a ƙasar Hausa. Fiƙihun Malikiyya ya raba haƙƙin: tsaron gona da rana yana kan mai gona, tsare dabba da dare yana kan mai dabba. Bayan girbi kuma makiyayi yakan sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, wani lokaci har manomi ya ƙara masa da hatsi. Wannan ciniki yana tafiya ne saboda ɓangarorin sun san juna, kuma baɗi za su sake haɗuwa. Inda aka nome burtali, ko garken baƙi ya shiga gona da dare ya wuce kafin asuba, babu wanda za a zauna da shi. Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin fayyace wa makiyayi nasa haƙƙin, amma kaɗan daga cikin wuraren ne aka yi musu rajista a hukumance, sauran kuwa noma da gine-gine suna ta cin su.