Wa Zai Koyar da Malamin Faransanci?



Duk wanda ya haye gadar Kaduna ya nufi Kakuri, zai iske masana'antar Peugeot, wadda ta fara harhaɗa motoci a shekarar 1975. A can ne ma'aikata da yawa suka fara jin Faransanci daga bakin masu shi, suna hulɗa da injiniyoyin Faransa ta hanyar tafinta ko ta nuni da hannu. To, shekaru sun shuɗe, amma har yanzu in muka zaga makarantun Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha muna neman wanda zai riƙe hira ta minti biyar da baƙo daga Yamai, sai mun sha wuya. Laifin kuwa ba na yaran ba ne. Abin da babu a tulu ba ya zuwa moɗa.

Ba wai hukuma ba ta yi magana ba. A 1996 Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1998 kuma ta sa shi cikin darussan dole. Dalilin a fili yake, gama Nijar da Cadi da Kamaru da Binin sun kewaye mu. Sai dai doka ba ta riƙe alli. An umarci kowace makaranta ta koyar, ba a tambayi inda za a samo malaman ba.

A da, ɗalibin Faransanci na jami'a yakan yi shekara guda a ƙasar da ake magana da harshen, ko Togo ko Sinigal ko Faransa kanta, ya dawo bakinsa ya faɗa. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, wannan tafiya ta gagara, sai gwamnati ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991 don ya maye gurbinta. Ƙoƙari ne abin yabo. Amma ɗalibin da ya fito ƙofar ƙauyen nan Yarbanci da Turanci zai ji a kasuwa, harshe kuwa a kasuwa yake nuna, ba a kan allo ba. Saboda haka muke samun malami mai takardar shaida, ya san nahawu ciki da bai, ya iya jera aikatau a kowane lokaci, amma da an gaishe shi sai gumi ya karyo masa. Wanda bakinsa ya faɗa kuwa ba ya daɗewa a aji, ofishin jakadanci ko ƙungiyar agaji ta ɗauke shi.

Akwai kuma wani abin da ya fi damunmu, watau ana horar da malaminmu kamar dai duk yaran da zai koyar Turawan Ingila ne. Alhali yaro Bahaushe yana da jarin da ɗan Ingila ba shi da shi. Faransanci ya raba sunaye namiji da tamata, Turanci bai raba ba, Hausa kuwa ta raba tun fil'azal. Yaron da ya san a ce "rigar nan sabuwa ce, wandon nan sabo ne" ba ya bukatar dogon sharhi a kan le da la, illa a gargaɗe shi cewa jinsin kalma a can ba lalle ya dace da na nan ba: rana tamata ce a wurinmu, namiji ce a wurinsu. Haka nan malami ya kamata ya san inda harshen yaron zai yi tuntuɓe. Mu ba mu rarrabe p da f ba, ga shi kuwa pain burodi ne, faim yunwa ce. Wanda ya gauraya su ya roƙi abin da yake gudu. Irin wannan ilmi ba ya cikin littafin da aka rubuta a Faris, sai dai mu da ke nazarin harsunan biyu mu rubuta shi.

Abin mamaki, maganin yana bayan ɗakinmu. Maraɗi ta fi Badagiri kusa da Kaduna. A can akwai Hausawa irinmu da suka yi karatunsu kaf da Faransanci, waɗanda ke kiran makaranta lakwal, malami kuma mushe. Wani zai ce ai Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a 2025, ta kuma ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a wannan shekara. Gaskiya ne, amma ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki, takardun kwastan da na asibiti da na kotu ba su sake harshe ba, fataken Kaduna kuma ba su daina zuwa ba.

Don haka muke kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jiha, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa wadda aka kafa a nan Kaduna tun 1976, su nemi yarjejeniya da makarantun horon malamai na Maraɗi da Damagaram, a riƙa tura ɗalibanmu su yi zango guda a can, nasu su zo nan su koyi Turanci. Kafin a ba kowa takardar koyar da Faransanci kuma, a zaunar da shi a yi hira da shi da baka.