Ajiye Tashoshi a Rediyo: Kada Mu Bar wa Na'ura Zaɓi



Dattawan da ke zauren nan sun san zamanin kamun tasha da yatsu biyu. Mutum ya kara kunne, yana murɗa maɓalli a hankali, allura na rarrafe kan mita 19 ko mita 25, har muryar Landan ta fito daga cikin shuuu. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979. Mai rediyo na wancan lokaci ya san mazaunin kowace tasha, don da hannunsa ya nemo ta.

Rediyon da ake sayarwa yau a kasuwar Jimeta yana da allo da ma'ajiya. Ka danna maɓalli guda, ya bi zangon FM tun daga 87.5 har 108, ya jera abin da ya ci karo da shi. Wannan dabara ce ta na'urar da ake kira sikana, wadda ji kawai take yi, ba ta aika magana. Sikana ta gaske tana kaiwa zangon jiragen sama, megahaz 118 zuwa 137, inda matuƙi ke magana da hasumiya, kamar ta filin jirginmu na Yola. Saita ta abu uku ne: ka shigar da lambar, ka gaya mata AM ce ko FM, ka ba ta gurbi. Akwai kuma maɓallin toshe shuuu. In ka matse shi da yawa, siririyar murya ba za ta shigo ba, in ka sake shi, na'urar ta maƙale kan hayaniya. Matasa, ku ji ni da kyau: sauraren zancen jami'an tsaro ba wasa ba ne, yana iya kai mutum gaban hukuma.

Damuwata da laluben da rediyo ke yi da kansa ita ce bai san mai amfani ba, mai ƙarfi kawai ya sani. Tamkar baƙo ne a kasuwa, wanda ya fi ɗaga murya shi yake ji. A nan unguwarmu ta Adarawo zai kamo maka NAS a 89.9, Gotel a 91.1, Pulaaku a 92.3, ABC a 95.7, Fombina a 101.5, ka ɗauka ka gama. To amma FM tafiyar miƙe take yi, ba ta haura dutse. Ɗauki rediyon nan ka nausa wajen Mubi ko Ganye, tashoshin su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Makiyayi a ruga da masunci a can ƙasan Binuwai, matsakaicin zango, wato AM, ne gatansu, musamman da dare, lokacin da saman sararin samaniya ke maido da saƙon ƙasa har ya yi nisa.

Nan ma akwai tarko. A nahiyarmu tazarar tashoshin AM kilohaz 9 ce, a Amurka kuwa 10. Gotel tana kan 917. Rediyon da ke takun tara-tara zai sauka 918, dab da ita, ka ji tangaram. Wanda aka saita don Amurka sai ya tsaya 920, murya ta shaƙe, ko ya tsallake ta ɗungurungum. Mai shi ya ce an sayar masa da jabu, alhali saiti ɗaya ne za a canza.

Wani zai ce ai waya ta wadatar. Mu mutanen Adamawa bai kamata mu faɗi haka ba. A watan Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, an katse layukan waya makonni. Wayar ta zama fitila. Lokacin da dokar hana fita za ta fara, da hanyar da aka rufe, a rediyo muka ji. Haka in Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982: mun ga abin da Binuwai ya yi mana a 2012 da 2022. Ranar da ruwa ke hawa cikin dare, babu wuta, ba ranar koyon maɓallai ba ce. Tsohuwa da jikoki a ɗaki tana bukatar ta danna ɗaya ta ji sanarwar gwamnati, ta danna biyu ta ji Fulfulde ko Hausa daga bakin wanda ta yarda da shi.

Ma'ajiyar ma sai ana leƙa ta. Tashoshin gajeren zango suna sauya lambobi sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Wasu kuma shiru suke yi: a Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da Muryar Amurka, gurbin da mutane suka ajiye shekaru ya koma shuuu. Ƙananan rediyoyi da yawa kuwa, ana cire batir suke mance komai.

Roƙona ga matasan unguwar nan shi ne, kafin damina ta yi nisa, kowa ya zauna da rediyon gidansu. Ka tambayi Baba da Inna su wa suke saurare, ka shigar da lambobin da hannu, gurbin farko na tashar jiha, ka haɗa da AM guda da gajeren zango guda. Ka rubuta lambobin a takarda, da boko ko da ajami, ka liƙa a bayan akwatin. In ta waya suke ji, ka nuna musu cewa igiyar abin kunne ita ce eriya, ba ta aiki sai da ita.